Shatin Yatsa a Ƙwan Fitila

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tsohuwar fitilar teburin Babanta ce rungume a ƙirjinta, wayar tana jan ƙasa, ita kuma ranta a jagule. Ta gaji da zagayen shagunan kayan lantarki. Duk inda ta shiga amsa ɗaya ce, irin tsohon ƙwan nan mai jan haske an daina kawo shi, sai farare.

Baba kuwa ya rantse ba zai yi aiki a ƙarƙashin farin ƙwai ba. Mai gyaran agogo ne, ɗakin aikinsa yana cikin gida, kuma ya ce farin haske yana shafe masa inuwar ƙananan haƙoran ƙarfe, idonsa ya yi ta ruwa. Mutum ne da ba a yi masa musu. In ya ce abu, ko Mama sai dai ta ce to, ta je kicin ta ƙarasa mitarta.

Shagon ƙarshe ɗan tsukukku ne, wayoyi a rataye ko'ina. Wani saurayi yana saukar da kwali daga kantar sama ba tare da ya taka komai ba, shi ya sa kowa a layin yake kiransa Dogo. Ya juyo ya dube ta, ya dubi abin da ta rungume.

"Sannu da zuwa. Jaririn ne ba lafiya?"

"Fitila ce," ta ce a daƙile. "In ba ku da ƙwanta ka faɗa min in wuce, ƙafata ta gaji."

"Ƙwanta babu. Amma ki zauna, ba a fita daga nan da ɓacin rai."

Ya karɓi fitilar ya leƙa holdarta, irin wadda ake murɗa ƙwai a ciki. Sai ya ɗauko wani ɗan farin abu na tangaran, gindinsa mai murɗi irin na ƙwai, samansa da ƙananan huji biyu.

"Wannan adafta ce. Hasken da Babanki yake so, ƙwan halojin ne yake ba da shi, amma shi ƙafafu biyu gare shi, ba ya shiga holdarku. Sai a murɗa wannan a ciki, a soka ƙwan a kai."

Ya yagi tishu ya kama ɗan ƙwan da shi, ya soka a hankali, ya kunna. Haske mai ɗumi ya zubo a kan kantar, har ta ga zanen tafin hannunsa.

"Doka ɗaya ce," ya ce. "Kar a taɓa gilashin da hannu. Maiƙon yatsa yana zama a jiki, in ya ɗau zafi sai wurin ya ƙone, ƙwan ya mutu da wuri. Ga lambata, in ya ba da matsala ki kira ni."

Ta ɗago don ta yi godiya, idonsu ya haɗu, godiyar ta maƙale. Har ta isa gida ba ta tuna ƙafarta ta gaji ba.

Baba ya kunna fitilar, ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya daɗe a sunkuye kan wani agogo. Da ya ɗago sai ya ce, "Yaron nan ya san aikinsa." A bakin Baba wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

To, matsalar ita ce ƙwan ya ƙi ba da matsala. Kullum da safe Auta ce take share ɗakin aikin, ita kaɗai Baba ya yarda ta riƙe makullinsa. Sai ta goge teburin, ta jera hantsaki da ƙananan sukurdirebobi, ta tsaya tana hararar fitilar. Lambar tana wayarta, ta buɗe ta rufe har ta haddace. Me za ta ce masa? A gidansu ba a fita sai da aike, kuma ba a kiran saurayi haka kawai.

Wata safiya, ta gama shafa mai ke nan, ta tsinci kanta tsaye a gaban fitilar. Ta waiga ƙofa. Ta miƙa ɗan yatsa ta danna a jikin gilashin, ta janye da sauri. Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Ba a daɗe ba ƙwan ya mutu, Baba ya aike ta.

"Ina mataccen?" Dogo ya tambaya.

"Na jefar."

"Ikon Allah, bai kamata ya mutu yanzu ba." Ya sosa ƙeya, sannan ya yi murmushi. "Amma ban ji haushinsa ba, tunda ya dawo min da ke."

Da yamma saƙonsa na farko ya shigo.

"Autar Baba, fitila tana ci? Ni dai tunda kika fita shagon ya yi min duhu."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta mayar.

"Tana ci. Kai da kake sayar da haske ne za ka yi kukan duhu?"

"Wanda nake so ba na sayarwa ba ne. Kin iso gida lafiya, Haskena?"

Daga nan hira ta ƙullu. Ya ba ta labarin mahaifiyarsa da take fama da ciwon gwiwa, da burinsa na buɗe nasa shagon. Ita ta ba shi labarin karatun koyarwa da ta gama, da yadda agogunan gidansu suke bugawa gaba ɗaya har baƙo ya firgita. Sai dai waya ba ta kashe ƙishin gani. Duk lokacin da kewa ta ishe ta, yatsan nan yana sake zuwa jikin gilashi, ta ce wa kanta daga wannan shi ke nan.

Dogo kuwa abin ya hana shi sukuni. Ya canja adaftar, ya canja kamfanin ƙwan, har gida ya zo da na'urar gwajin wuta ya bi wayar ɗakin kaf. Auta ta kawo masa ruwa. Farin cikin ganinsa a gidansu da kunyar abin da take yi suka haɗu suka hana ta kallon fuskarsa.

Baba ya fara ƙorafi. A daidai lokacin kuma Manaja ya ƙara yawan zuwa gaisuwa. Ɗan aminin Baba ne, yana kula da wani babban kanti, kuma kowa ya san ba don agogo yake zuwa ba. Ya ɗaga fitilar ya juya ta, ya taɓe baki.

"Baba, irin waɗannan adaftocin yawanci jabu ne. Yaran ƙananan shagunan nan da gangan suke ba da mai lalacewa don a yi ta komawa."

Auta ta ga maganar ta zauna wa Baba.

Wata safiya ta sake taɓa ƙwan. Ko awa ba a yi ba saƙo ya shigo.

"Haskena, na yi magana da kawuna. In Baba ya ba da izini za su zo neman aurenki. Na gaji da jiran ƙwai ya mutu kafin in gan ki."

Ta zauna a bakin gado tana dariya tana hawaye. Can sai ta tuna da ƙwan da ta taɓa. Ta ɗauki auduga da sifirit ta nufi ɗakin aikin don ta goge shatin, sai ta tarar Baba ya riga ya zauna, fitila a kunne. Washegari da ta duba, wurin ya riga ya yi ɗan duhu, gogewa ba ta fitar da shi ba. Ta ce a ranta zai mutu kamar sauran, ta sayo wani, magana ta ƙare.

Wannan bai mutu kamar sauran ba.

Tana wanke-wanke da hantsi ta ji ƙara, fas, sai salatin Baba. Ta ruga. Yana tsaye dafe da gefen fuskarsa, jini yana bin yatsunsa. Ƙwan ya fashe yana sunkuye a ƙarƙashinsa, gilashi ya yanke shi a ƙasan ido, saura kaɗan ya samu idon. Ɓarɓashin kuma ya zube cikin buɗaɗɗen agogon wani da ya ba shi amana.

Mama tana goge masa ciwon tana kuka. Auta ta jingina da bango tana kallonsu.

"Kira min yaron nan," in ji Baba.

Dogo ya iso a guje, ko rigar aikinsa bai cire ba. Baba ya tura masa murfin gwangwani da ya tara fasassun a ciki.

"Duba hajarka."

Dogo ya ɗauki ɓallin da ya fi girma ya ɗaga shi wajen taga. Auta tana bayan labule, tana ganin abin da yake gani, wani ɗan tabo mai ruwan ƙasa, zagayayye, daidai girman kan yatsa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo a hankali ya dubi labulen. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Laifina ne, Baba," ya ce. "Ka yi haƙuri."

"Ka amsa ke nan? Na buɗe maka gidana, ashe cutata kake yi! Da idon nan nake ci da iyalina. An ce min kana son 'yata. To ka ji da kyau, mutumin da zai sayar wa tsoho jabu yana yi masa murmushi ba zai zama surukina ba. Fita."

Baba bai tsaya nan ba, ya kira ubangidan Dogo, mai shagon, a waya ya zayyana masa komai. Kafin yamma an ce Dogo ya zauna a gida sai an neme shi.

Auta ta rubuta saƙo ta goge, ta sake rubutawa, daga ƙarshe ta tura gajere.

"Ka san ni ce. Don Allah ka yi magana."

Shiru. Ta ajiye wayar a ƙarƙashin filo, ta ɗauko, ta kai ta kicin, ta dawo da ita. Ranar ta wuce, wata ta biyo. Abinci ya ƙi shiga. Ta gama yanke wa kanta hukunci, ya tsane ta, kuma ya yi daidai. Duk bugun agogo a gidan sai ta ji har cikin kanta.

Sai da ta fitar da rai amsar ta zo.

"Na sani tun da na ga gilashin. Ba zan ɓoye miki ba, na ji ciwo. Kin bar ni ina zargin hannuna da aikina, ina kwana da tunanin wayar gidanku. Shi ya sa na yi shiru, ban so in rubuto miki da fushi."

Wani ya biyo baya.

"Amma ki bar maganar a haka. Ni bare ne, wata rana zai huce da ni ko ya manta da ni. Ke 'yarsa ce. In ya ji ke kika kusa raba shi da idonsa, ban san yadda zai ɗauka ba. Har yanzu ke ce Haskena."

Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta. Da zaginta ya yi da ta fi samun sauƙi.

Mama ta shigo da kayan guga ta tsaya tana kallonta.

"Auta, ni na haife ki. Wannan kukan ba na rabuwa da saurayi kaɗai ba ne. Me kika aikata?"

Ta faɗa mata komai, murya ƙasa-ƙasa. Mama ta saki kayan a kan gado, ta riƙe haɓa.

"Ke yanzu duk hankalin nan da ake yabonki da shi, a yatsa ya ƙare? Allah ya shirye ki." Ta zauna kusa da ita. "Ni ba zan kai masa ba. Bakin da ya yi shiru aka kori ɗan mutane, shi zai je ya faɗa."

"Mama, tsoro nake ji."

"Na sani. Shi ma yaron ai da tsoronsa ya tsaya ya ɗauki laifinki."

Ba ta samu ƙarfin zuciyar ba sai ranar da Baba ya kira ta ɗakin aiki. Filasta tana nan a ƙasan idonsa, a kan teburin kuma farar fitilar da Manaja ya kawo ce take ci, yana ta matse ido a ƙarƙashinta.

"Mahaifin Manaja ya yi min magana a kanki," ya ce. "Ba zan yi miki dole ba, ki yi tunani. Amma wancan mayaudarin ki cire shi daga ranki."

Ta durƙusa. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, ba mayaudari ba ne. Kayansa ba jabu ba ne. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni nake taɓa ƙwan da yatsa. Ya gargaɗe ni tun ranar farko cewa hakan yana kashe shi. Ina yi ne don ka aike ni shagon in gan shi. Ya ga shatin yatsana a gilashin, ya rufa min asiri."

Baba ya cire gilashin idonsa ya ajiye. Ta jira tsawa, ta jira mari ma, ko da yake bai taɓa dukanta ba. Sai kawai ya miƙo hannu.

"Ba ni makullin."

Ta ciro shi ta ba shi. Ya juya mata baya.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na baya nauyi. In ta gaishe shi ya amsa a taƙaice, ba ya kallonta. Da kansa yake share ɗakinsa. Manaja ya zo, Baba ya sallame shi daga ƙofa da fitilarsa a hannu, amma hakan bai kwantar mata da hankali ba, don ba ta san me yake nufi ba. Ta tura wa Dogo, "Na faɗa masa." Ya mayar, "Innalillahi. Me ya ce?" Ta ce, "Bai ce komai ba, shi ne abin tsoron."

Wata safiya Baba ya fito cikin kayan fitarsa ya ce, "Sa mayafinki ki biyo ni." Ta bi bayansa. Da ta ga sun shiga layin masu kayan lantarki sai ta gane inda suka nufa.

Ashe ya riga ya sa an kira Dogo. Yana tsaye a gefen kanta, ya rame, mai shagon yana zaune, ga masu sayayya.

Baba ya yi sallama ya ce, "Da bakina na ɓata sunan yaron nan a wurinka, da ƙafata na zo in gyara. Ba shi da laifi. Auta, faɗa musu."

Ta faɗa, kanta a ƙasa. Wata mata da ta zo sayen soket ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Mai shagon ya yi ta gyaran murya, ya ce wa Dogo ya ɗauki rigarsa ya koma bakin aiki.

Baba ya juya ga Dogo.

"Kai kuma ka dube ni ka yi min ƙarya."

"Na yi, Baba."

"Na zage ka, na raba ka da aikinka, kana tsaye. Don me?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Wadda nake so in aura ce. Ban so abu na farko da zan yi mata a gaban mahaifinta ya zama tona mata asiri."

Baba ya daɗe yana kallonsa, dole sai da ya ɗaga kai saboda tsawon.

"Ban yarda da ƙaryar ba, kar ka ƙara," ya ce. "Ni ma ka yafe min, na yanke hukunci ban bincika ba. Ka ce wa kawunka su zo, tun kafin yarinyar nan ta ƙone min gida."

Shagon ya kwashe da dariya. Auta ta rufe fuska, kuka da dariya suka ƙwace mata tare.

An ɗaura aure ba da jimawa ba, gida ya cika da dangi. Amma duk hidimar nan akwai abin da yake cin Auta, don har ranar Baba bai zauna ya yi magana da ita ba. Da lokacin tafiya ya yi, aka kai ta gabansa, angon yana durƙushe a gefe. Ta kama ƙafarsa.

"Baba, ka yafe min."

Ya dafa kanta.

"Tun ranar da kika faɗa da bakinki na yafe. Shirun da na yi, da kaina nake faɗa. Ciwon fuskata ya warke, Auta. Wanda ya ƙi warkewa shi ne, a ce 'yata ta ga ya fi mata sauƙi ta yi ta ƙona ƙwai da ta zo ta ce, Baba ga wanda nake so. Ban san haka kike tsorona ba."

Ya juya ga Dogo, idonsa ya cika.

"Ga ta nan na ba ka. Kar ka zama mijin da za ta ji tsoron faɗa wa abin da ke ranta."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya nagari. Ku tashi ku tafi, kafin in fasa."

Mama ta ce amin tana share hawaye. Auta ta miƙe, maimakon ta bi mijinta sai ta faɗa jikin Babanta, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama. Shi kuma ya riƙe ta, bai ce ta sake shi ba.